Mujalla da Mai Karanta Ta a Bakin Iyaka: Waiwaye Daga Garin Illela

Gabatarwa

Kalmar mujalla aro ce daga Larabci, kamar 'yar'uwarta jarida. Su ma Turawan Ingila, kalmar da suke kiran mujalla da ita tushenta Larabci ne, daga makhazin, watau rumbuna ko ɗakunan ajiya. Wani mai maɗaba'a a London, Edward Cave, shi ne ya fara laƙaba wannan suna ga takardar da ya riƙa bugawa wata-wata tun daga shekarar 1731. Sunan kuwa ya dace, domin jarida labarin yau take kawowa, gobe a ƙunshe ƙosai da ita, amma mujalla ana adana ta kamar hatsi a rumbu, a riƙa ɗiba a hankali.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a binciki abin da ke sa mutum ya ware kuɗinsa, wani lokaci ma ya biya tun kafin a buga, don ya riƙa samun mujallar da ta shafi abin sha'awarsa da zaman duniyarsa. An zaɓi garin Illela ne saboda shi ne ƙarshen hanya. Mai karatu na Zariya ko Kaduna yana iya sayen mujalla don kawai ya gan ta a gabansa. Wanda yake bakin iyaka kuwa sai ya yi jira, ya yi aike, ya yi ƙarin kuɗi, saboda haka a wurinsa ne aka fi gane ainihin abin da ake nema a cikinta.

Garin da Hanyarsa

Illela tana arewa da birnin Sakkwato da tazarar kilomita 80 da 'yan kai, kuma 'yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninta da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Kafin zuwan Turawa babu wata iyaka a tsakani. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka raba yankin, sa'an nan aka bi da kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Tun daga nan dangi ɗaya suka zama 'yan ƙasa biyu, masu kuɗi iri biyu da makarantar boko iri biyu, ɗaya da Ingilishi ɗaya da Faransanci. Abin da bai rabu ba shi ne harshe da auratayya da kasuwa. Kasuwar Illela, wadda ke ci ranar Lahadi, ta shahara da cinikin dabbobi, kuma tana tara mutanen ɓangarorin biyu.

Ta fuskar sufuri kuwa, layin dogo da ya tashi daga Zariya ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙarasa Sakkwato ba. Don haka a zamanin Turawa takardar da aka buga a Zariya sai ta bi jirgi zuwa Gusau, ta hau mota zuwa Sakkwato, sa'an nan ta jira mai zuwa arewa. Wannan nisa shi ya tsara irin hulɗar da ta kasance tsakanin mujalla da mai karanta ta a wannan yanki.

Zamanin Gaskiya da Zaruma

A 1932 Gwamnatin Arewa ta fara buga Jaridar Nijeriya ta Arewa cikin Hausa da Larabci da Ingilishi, amma wannan ta sarakuna ce da ma'aikatan En'e. Wadda ta isa ga talaka ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, a ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East, Malam Abubakar Imam yana edita. Da farko wata-wata take fitowa, a kan kwabo ɗaya. Ko da yake jarida ake kiranta, a wancan lokaci aikin mujalla take yi, domin ban da labarin yaƙi da na gwamnati tana ɗauke da nasiha kan noma da kiwon lafiya, da labarun ban dariya, da waƙoƙi, da wasiƙun masu karatu. Wasiƙun nan su ne suka fi kusantar da ita ga jama'a. Malamin makaranta ko malamin asibiti da aka tura ƙauye mai nisa yana iya rubuta ra'ayinsa, bayan wata guda ya ga sunansa da na garinsa a buge, a karanta a Kano da Yola.

Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki tsakanin 1954 da 1959, ta fitar wa larduna da ƙananan jaridunsu: Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zariya, Zaruma kuma a Lardin Sakkwato. An yi su ne don wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya sami abin karantawa, kada karatun ya zube. Darasin da ke cikin wannan shi ne, hukuma ta gane cewa sabon mai karatu ya fi ɗokin labarin lardinsa da na kasuwar da yake ci a kan labarin wata duniya. Da aka rufe NORLA waɗannan jaridu ba su yi nisan kwana ba, domin kuɗin hukuma ne ke riƙe da su.

Hanyoyin Biyan Kuɗi

A ƙasashen Turai, mai son mujallar lambu ko ta kamun kifi yana aika kuɗin shekara ne, gidan waya ya riƙa kawo masa har ƙofar gida. A ƙasar Hausa ma an san wannan hanya: mutum ya sayi fasal oda, ya manna kan sarki, ya aika wa kamfani. Amma tana bukatar adireshi tabbatacce da akwatin gidan waya, kuma galibi makarantu da ofisoshi da ma'aikata ne ke da su. Ga mutumin Birnin Ƙonni abin ya fi wuya, domin tsarin gidan wayarsa daban ne, kuɗinsa kuma sefa ne. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya canza kuɗi wurin 'yan canji ya saya a kasuwa.

Saboda haka a garuruwa irin Illela wata hanya ce ta fi ƙarfi, watau alkawari tsakanin mai karatu da dillali. Mai karatu yakan ba dillalin jarida ko direban motar Sakkwato kafin alƙalami, ko kuma ya sa a riƙa ajiye masa kwafinsa ya biya in ta iso. Babu rasiɗi, babu rajista. Amana ce irin ta adashi. Hanya ta uku ita ce tarayya. Abokai su yi karo-karo su sayi kwafi ɗaya, ko mai shago ya saya ya riƙa ba da haya, kamar yadda aka saba yi da littattafan soyayya na Kano tun daga ƙarshen shekarun 1980. Kwafi guda yakan zaga teburin mai shayi da shagon tela da cikin gida, mai iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ke nan adadin da kamfani ya sayar bai taɓa nuna adadin waɗanda suka amfana ba, kuma wannan ya taimaki ilmi ƙwarai, ya kuma cuci aljihun masu bugawa.

Zamanin Mujallun Fim

Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya yawaita masu iya karatun boko, maza da mata. Sai dai ba a daɗe ba tattalin arziki ya juya. An rufe iyakokin Nijeriya daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, sa'an nan karyewar darajar naira daga 1986 ta sa takarda da tawada suka yi tsada. A cikin wannan matsi ne matasan Kano suka ɓullo da adabin kasuwa, daga bisani da fim na bidiyo, wanda ake lasafta farkonsa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990.

Fim ne ya haifar wa Hausa da mujallar sha'awa ta sosai, wadda ba hukuma ce ta kafa ta ba, ba kuma siyasa take yi ba. Sunusi Shehu Daneji ya fara Tauraruwa a Kano a 1998, Ibrahim Sheme kuma ya fara Fim a Kaduna a watan Maris na 1999, wasu da dama suka biyo baya. Waɗannan mujallu sun bi sawun kaset ne. Duk inda kaset ɗin bidiyo ya je daga kasuwannin Kano, ta Sakkwato da Illela har zuwa Ƙonni da Tawa, akwai mai son ya san wane ne ɗan wasan, wa ya aura, wane fim zai fito. Ƙarin sauƙi kuma shi ne, tarurrukan daidaita rubutun Hausa da aka yi a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 sun kusantar da ƙa'idojin ƙasashen biyu, kuma ko wanda ya yi makarantar Faransanci zalla, in Bahaushe ne, 'yan kwanaki sun ishe shi ya saba da rubutun Nijeriya.

Abin da Mai Karatu Yake Nema

Idan aka haɗa waɗannan zamuna, za a ga abubuwa huɗu da suke maimaituwa.

Na farko shi ne cika alkawari. Wanda ya ba da kuɗi tun kafin ya ga kaya, abin da ya saya shi ne tabbacin cewa wata mai zuwa za a zo. Mai karatu na bakin iyaka yana yafe jinkirin mako guda, domin ya san halin hanya, amma in mujalla ta tsallake wata biyu ko uku, dillali yakan daina karɓa, mai karatu kuma ya mai da kuɗinsa wani wuri. Mujallun fim da yawa a nan suka faɗi, kuma daɗewar da mujallar Fim ta yi ta samu ne daga yawan fitowa a kan kari.

Na biyu shi ne ganin kai. Filin wasiƙu da na gaisuwa da na neman abokai su ne mutumin ƙarshen hanya yake fara buɗewa. Ɗabi'a ɗaya ce da ta masu aika katin zaɓi sonka gidan Rediyon Kaduna da masu rubuta wa sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare. Mutumin da garinsa ba ya shiga labarai sai an rufe iyaka ko an kama kayan fasa-ƙwauri, yana jin daɗi ƙwarai ya ga sunan garin a buge saboda ra'ayin da shi ya bayar.

Na uku shi ne hoto da amfanin hannu. Rediyo yana ba da labari kyauta, amma ba ya nuna fuska, ba ya nuna ɗinki. Mace takan kai wa tela shafin mujalla ta ce irin wannan take so, saurayi ya manna hoton gwaninsa a bangon shago. Wannan shi ya sa tsohuwar mujalla ba ta rasa mai saye.

Na huɗu shi ne harshe da gaskiyar labari. Mutumin Illela Sakkwatanci yake yi, mujalla kuma da daidaitacciyar Hausa ake rubuta ta, amma wannan bai zama shamaki ba, domin ta fi masa kusa nesa ba kusa ba a kan mujallun Ikko na Ingilishi ko na Faransanci da ke zuwa ta Yamai. Kuma a fagen da jita-jita ta yi yawa, kamar rayuwar 'yan wasa, abin da aka buga da sunan edita da adireshinsa shi ne hujjar da ake kafawa in gardama ta tashi a majalisa.

Akwai kuma giɓi da ya kamata a lura da shi. Abubuwan da mutanen wannan yanki suka fi sha'awa tun asali su ne kokawa da dambe da kiwon raguna da dawaki da tattabaru. Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma masu bin ta a ɓangaren Nijeriya ba su da iyaka. Duk da haka waɗannan fannoni ba su sami mujallar Hausa mai ƙarko ba. Dalili shi ne, mujalla ba ta rayuwa da kuɗin mai karatu kaɗai, sai da talla. Mai shirya fim yana da kaset da zai tallata kowane wata, mai kiwon rago kuwa kasuwar Lahadi ta ishe shi. Haka rediyo da kaset da bakin maroƙa suka ci gaba da ɗaukar wannan nauyi.

Kammalawa

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, bayanta intanet ya bazu, labarin 'yan wasa da hotunansu suka koma Facebook da WhatsApp da YouTube. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, amma a waɗannan lokuta labari bai tsaya a shingen kwastan ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta durƙushe tare da kamfanin New Nigerian, mujallar Fim ta buɗe shafi a intanet, kuɗin da ake ba dillali kuma ya koma na sayen data. Sauri da ganin kai da hoto duk waya ta samar da su fiye da yadda takarda ta taɓa yi. Abu biyu ne ba ta gaje su sosai ba: edita da za a kama in labari ya zama ƙarya, da kuma ajiya.

Batun ajiyar nan shi ne ya rataya a wuyan jami'a. Kwafin Zaruma da na mujallun fim na farko suna nan warwatse cikin adakoki da akwatunan tsofaffin dillalai da teloli da matan aure, gara da damina suna cin su. A cikinsu akwai sunayen garuruwa, da farashin kaya, da salon sutura, da irin gardamar da talakawa suka yi kan aure da tarbiyya, abubuwan da ba a samu a rahoton Razdan ko takardun gwamnati. Ya kamata ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna su tura ɗalibai garuruwan iyaka irin Illela, su sayi abin da ya saura, su ɗauki hotonsa, su kuma rubuta bayanin dillalan da suka yi wannan sana'a tun suna da rai. Allah ya sa a yi hakan kan lokaci.