Agogon Atom: Tarihinsa da Gaskiyar Tallarsa

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, masu tallar agogon atom na hannu kan ce sai ya shekara miliyan kafin ya kuskure daƙiƙa ɗaya. To, bari mu waiwayi tarihi.

A 1955 ne Louis Essen ya ƙera agogon atom mai aiki da sinadarin siziyam a Ingila. A 1967 masana suka amince cewa kaɗawa 9,192,631,770 ta wannan sinadari ita ce daƙiƙa ɗaya. Amma wannan agogo na ɗakin bincike ne.

A 1990 kamfanin Junghans na Jamus ya fito da agogon hannu, Mega 1. Babu siziyam a cikinsa. Ɗan rediyo gare shi, mai kama saƙon lokaci daga tashar Mainflingen kusa da Frankfurt, ya daidaita kansa. Saƙon nan iyakarsa kimanin kilomita 2,000, Kano kuwa ta fi kilomita 4,000 daga can. A nan gida, agogon batir ne kawai, mai zamewa da 'yan daƙiƙu kowane wata.

Saboda haka a yi tambaya kafin a zuba kuɗi. Kayan aro ba ya rufe katara.