Tuna Baya: Daniel Amokachi, Bijimin Kaduna

Jama'a, duk wanda ya bi ƙwallon ƙafa a shekarun 1990, daga Gidan Waya har Kafanchan, ya san sunan Daniel Amokachi. An haife shi a Kaduna a 1972. Yana taka leda a Ranchers Bees ne Clemens Westerhof ya hango shi, ya saka shi cikin tawagar Najeriya a 1990.

Daga nan sai Club Brugge ta Beljiyam, sannan Everton ta Ingila. A 1994 ya ɗauki kofin Afirka da Najeriya, ya kuma zura ƙwallo a ragar Bulgeriya da Girka a gasar cin kofin duniya a Amurka. A wasan ƙarshe na Olamfik a 1996, shi ya farke ƙwallo ta biyu da Ajantina ta ci mu, aka tashi 3-2, muka dawo da zinare.

Ya bar Besiktas ta Turkiyya a 1999 yana da shekara 26, kuma ciwon gwiwa bai sake barinsa ya koma yadda yake ba.

Ƙungiyar gida ce ta fito da shi. Yaranmu na buga ƙwallo a filayen makaranta kowace yamma. In ba mu raya ƙungiyoyinmu ba, wa zai hango su?