Tsakanin Rano da Maraɗi

A farin 1973 babu mai jayayya kan inda rayuwa ta fi sauƙi. Ruwan da damina ke zubarwa a Rano da Kibiya ya kusa ninka na Maraɗi, gwamnatin Audu Bako tana gina madatsar Tiga, naira kuma tana tashe. Kudu 'yan cin rani suke fuskanta. Da aka rufe iyaka a 1984, yunwar da ta addabi Nijar sai aka raɗa mata suna El-Buhari. Dogaro da hatsin Najeriya ya kai haka.

Tun karyewar naira a 2023 lissafin ya juya. Falken Maraɗi yakan shigo Dawanau da sefa ya auni masara da araha, manomin Kibiya kuwa da raunanniyar naira yake sayen taki.