Bambancin Lokaci Tsakanin Ƙasashe da Sauya Agogo

Ikkilisiyoyi da yawa yanzu suna yin taron addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki ta intanet tare da 'yan'uwa da masu aikin bishara a ƙasashen waje. Idan ba a fayyace lokaci ba, wani zai shigo an riga an tashi.

Dalilin bambancin

Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, wato digiri 15 kowace awa, don haka rana kan riga fitowa a gabas. A 1884 wakilan ƙasashe suka taru a Washinton, suka amince a fara lissafi daga Girinwich da ke Landan. Ma'aunin da ake bi a yau shi ne UTC. Ƙasashen da ke gabas suna ƙara awoyi a kansa, na yamma suna ragewa.

Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna kan UTC+1. Gana tana kan UTC daidai, Sudan UTC+2, Kenya kuma UTC+3.

Sauya agogo

A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, yini yakan yi tsawo ƙwarai a lokacin zafi. Shi ya sa suke tura agogo gaba da awa ɗaya, su mayar da shi idan sanyi ya gabato. Ingila tana turawa ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Yawancin jihohin Amurka suna turawa a Lahadi ta biyu ta Maris, su mayar a Lahadi ta farko ta Nuwamba. Najeriya da Nijar ba sa sauyawa, domin tsawon yininmu bai cika canzawa ba.

Misali

Taron ƙarfe 7 na yamma a Jos, ƙarfe 6 ne a Kumasi, ƙarfe 8 a Khartum, duk tsawon shekara. A Landan ƙarfe 6 ne a Janairu, amma ƙarfe 7 a Yuli. A New York ƙarfe 1 na rana ne a Janairu, ƙarfe 2 a Yuli.

Ga mai rubuta sanarwa

Ka sa rana, kwanan wata da lokaci, ka ƙara da "agogon Najeriya". Ka bayyana ko da safe ne ko da yamma. Ka sake duba lissafin a Maris, Oktoba da Nuwamba, domin a watannin nan ne agogonsu yake motsawa, namu yana nan yadda yake. Kiyaye lokacin ɗan'uwa yana cikin girmama shi.