Sirrin majiyyaci: Abin da doka ta ɗora wa asibitocin Rigasa

Rigasa, wadda ke ƙaramar hukumar Igabi a Jihar Kaduna, na daga cikin unguwanni mafi cunkoson jama'a a birnin. Ban da babban asibitin gwamnati, akwai ƙananan asibitocin kuɗi da ɗakunan gwajin jini birjik a lungunanta. A irin wannan wuri, inda mai rubuta kati kan kasance maƙwabcin majiyyaci ko ɗan'uwan surukinsa, sakamakon gwaji guda idan ya fita yana iya rusa aure ko raba mutum da aikinsa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ginshiƙi a nan. Sashe na 26 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, da maganin da aka yi masa, har da kwanciyarsa a asibiti, sirri ne. Ba a bayyana shi sai majiyyaci ya amince a rubuce, ko kotu ko wata doka ta umarta, ko iyaye ko mai kula da yaro ko wanda ba ya cikin hayyacinsa sun nema, ko kuma ɓoyewar za ta jefa lafiyar al'umma cikin babban haɗari. Abin lura shi ne, jerin bai ambaci miji ba, bai ambaci uban gida a wurin aiki ba. Matar da ta mallaki hankalinta ita ke da ikon cewa a faɗa ko kada a faɗa, ko da mijin ne ya biya kuɗin gwajin. Nan ne al'ada da doka suka fi karo da juna.

Sashe na 29 ya wajabta wa shugaban asibiti hana wanda ba shi da izini taɓa fayil. Hukuncin saɓawa ya kai tarar naira 250,000, ko ɗaurin shekara biyu, ko duka biyun.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Idan aka yi kutse ko bayanai suka zurare ta yadda za su cutar da masu su, dole a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72. Tarar ƙaramar cibiya na iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ma'aikacin da ya ɗauki hoton sakamako ya tura a WhatsApp ya jawo wa asibitinsa wannan alhaki.

Manyan asibitoci na da lauyoyin da ke rubuta musu takardar amincewar majiyyaci, su kuma duba yarjejeniyarsu da hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA. Ƙananan kuwa galibi ba sa neman lauya sai sammaci ya iso. Haɗarin ya fi bayyana ranar da aka sayar da asibiti: akan yi cinikin gini da gadaje da injin hoto, a manta cewa fayilolin da ke cikin kabad amanar mutane ce, ba kayan da ake haɗawa a ciniki ba tare da sharaɗi ba.

Wanda aka tona wa asiri na iya kai ƙorafi ga NDPC, ko ga MDCN mai ladabtar da likitoci, ko ya shigar da ƙara kotu bisa sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999.