Tarihin Wankin Ƙoda Ta Cikin Tumbi

Tambaya: Fatawarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Funtuwa. Ya ce ƙanensa na fama da ciwon ƙoda, kuma ya ji ana cewa akwai wankin da ake yi a gida ba tare da inji ba. Shin gaskiya ne, kuma wa ya ƙirƙiro shi?

Amsa: To malam, Allah ya ba ƙanen naka lafiya. Gaskiya ne akwai. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san tantanin nan da ke lulluɓe da hanji. Ɗan Adam ma yana da irinsa, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Idan aka zuba ruwan magani a cikin mutum ta siririyar roba, dattin jini kan ratsa tantanin ya shiga ruwan, sukarin da ke ciki kuma ya janyo ruwan da ya yi wa jiki yawa, sannan a tsiyayar.

Wani likita Bajamushe, Georg Ganter, shi ya fara gwada dabarar a kan wata mata a garin Würzburg a 1923. Ta ɗan samu sauƙi, amma daga baya ta cika. A 1946 ne wasu likitoci uku a Boston ta Amurka, wato Frank da Seligman da Fine, suka ba da rahoton wani mutum da ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya, suka yi masa wannan wanki har ta farfaɗo.

Sai dai fa ga wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya, da sauran rina a kaba, domin duk wanki sai an sake huda masa ciki, ga ƙwayoyin cuta na samun ƙofa. Henry Tenckhoff ya rage wannan wahala a 1968, da ya fito da roba mai laushi wadda ake dasawa ta zauna a jiki. A 1976 Popovich da Moncrief na jihar Texas suka nuna cewa majinyaci zai iya barin ruwan a cikinsa ya ci gaba da harkokinsa. A 1978 kuma likita Oreopoulos na Toronto ya sauya kwalabe da jakar leda, abin da ya rage kamuwa da cuta. A nahiyarmu, Sudan ta kafa shirinta na ƙasa a 2005.

Galibi akan zuba lita 2, a canza sau 4 a rana, kullum ba fashi. Babban haɗarinsa shi ne rashin tsabta. Muddin ruwan ya fito a gurɓace, ko ciki ya murɗa da zazzaɓi, to sai asibiti nan take. A Najeriya an fi yin wankin inji, saboda tsadar ruwan da wahalar samunsa, na tumbin kuwa an fi yi wa yara ƙanana a asibiti. Don haka likitan ƙoda kaɗai zai faɗi wanda ya dace da ƙanenka.

Da fatan mai sauraron namu ya gamsu.