Tsarin daina karɓar tsabar kuɗi a filayen wasa: asalinsa, koke-koken 'yan kallo da darasin Zariya

A wasu manyan filayen wasa na duniya, ɗan kallo ba ya iya sayen tikiti ko ruwan sha da takardar kuɗi, sai dai da katin banki ko wayar salula. Filin Mercedes-Benz da ke Atlanta a Amurka ya koma wannan tsari a watan Maris na 2019, sabon filin ƙungiyar Tottenham da ke Landan kuma da shi ya buɗe a watan Afrilun shekarar. Hujjar masu filayen ita ce layi ya fi saurin tafiya, an huta da neman canji, kuma kuɗin ƙofa ba ya zurarewa a hannun masu karɓa.

Koken 'yan kallo

Babban koke shi ne tsarin yana rufe ƙofa ga wanda ba shi da asusun banki, musamman yara da tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi. Don haka filin Atlanta ya kafa na'urorin da mutum zai zuba tsabar kuɗinsa su ba shi kati. Birnin Filadelfiya da jihar New Jersey kuwa doka suka yi a 2019 da ta hana akasarin shaguna ƙin karɓar tsaba.

Yadda tsarin ya shigo Najeriya

Babban Bankin Najeriya ya soma gwajin taƙaita amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, ya kuma faɗaɗa shi zuwa Kano da Abuja da wasu jihohi a watan Yulin 2013. Talaka bai ji zafinsa sosai ba sai da Godwin Emefiele ya sanar, ranar 26 ga Oktoban 2022, cewa za a sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. An janye tsofaffin, sababbin ba su wadata ba.

A birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka zuwa Kasuwar Birni, an ga abin da hakan ke nufi a farkon 2023. Masu POS suka tsauwala kuɗin cirewa, taransfa ta riƙa maƙalewa, mai fura da mai tsire suka koma jiran saƙon shigar kuɗi kafin su sallami mai saye. Gwamnatin Kaduna, tare da ta Kogi da Zamfara, ta maka Gwamnatin Tarayya a Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta yanke cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, daga baya kuma, a watan Nuwamba, ta ɗage wa'adin gaba ɗaya.

Wannan darasi ya shafi ƙofar filin wasa kai-tsaye. A Zariya kuɗin shiga kallon ƙwallo ko dambe ƙananan kuɗi ne, jama'a kuma a lokaci guda suke cincirindo. Ciniki ɗaya da ya maƙale a kasuwa mutum biyu yake tsayarwa. A bakin ƙofa kuwa layi ne gaba ɗaya zai tsaya, har a take wasa mutane suna waje.

Haƙƙin mai biya

Idan an cire kuɗi a asusun mutum ba a ba shi tikiti ba, akwai ƙa'ida. Umarnin Babban Banki na watan Yunin 2020 ya ce a mayar da kuɗin cinikin POS ko na intanet da ya gaza cikin awa 72, na injin ATM na wani banki kuma cikin awa 48. Mai koke zai fara kai ƙara bankinsa ne, ya karɓi lambar shaidar koken, ya adana rasit da saƙon cire kuɗi. Idan mako biyu ya wuce ba a share masa hawaye ba, yana iya garzayawa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin.

Har ila yau, sashe na 20 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya tabbatar da cewa takardun Naira halastaccen kuɗi ne a faɗin ƙasar, ya kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi karɓar Naira.

Saboda haka, duk hukumar filin da ke son komawa wannan tsari tana da sharuɗɗa uku a gabanta: ta sayar da tikiti tun kafin ranar wasa, ta tanadi sabis mai ƙarfi a bakin ƙofa, ta kuma bar taga ɗaya a buɗe domin wanda ya zo da kuɗinsa a aljihu.